Kular Injiniya Mode

"Akwatin da za ni saye, jikokina sai sun yi hwaɗa bisa gadonai. Kuma arahar da za ni samo shi, sai mai saidawa ya biyo ni shina kuka."

Mode ne ya faɗi haka, ranar da aka yaye shi daga garejin Malam Ƙasimu a Wurno. Yana tsaye a kan tsohuwar taya da sabuwar hula, mu kuwa muna kan benci muna cin ƙosan walima. Babu wanda ya tambaye shi. Dama Mode ba ya jiran tambaya. Duk shekarun da ya yi yana koyon gyaran babur da injin ban ruwa, hannunsa na cikin baƙin mai, bakinsa na waje yana nasa aikin.

Malam Ƙasimu ba ya son dogon zance. Ya kwance wani tsumma ya shimfiɗa a ƙasa: sifanu manya da ƙanana, filaya, guduma, sukundireba, da sifanar fulogi wadda hannu ya goge har ta yi santsi. Da su shi kansa ya fara sana'a.

"Ga su, na ba ka," ya ce. "Kuma ka saurara. Alhaji Maigandi, shugaban manoman albasa na Kagara, ya ce in ba su wanda za shi kula musu da injuna dut ranin ga. Na ce kai. Shi kau ya ce sai ya ga aikinka da idonai, don wanda sunka sallama bara cikin buhu ya riƙa zo musu da kaya, kullum sifanar da aka nema ta ɓace. Ka tahi kasuwa ka nemi ƙaramin akwatin ƙarhe mai hawa-hawa, ko na hannu na. Bai da tsada, kuma shina daɗewa."

"Malam, wanga ai kowane ɗan koyo na da shi. Ni injiniya na."

"Tun yaushe?"

"Tun da sahe."

Ranar kasuwar Goronyo Mode ya yi sammako. A rumfar masu kayan roba ya ga wani akwati ruwan ɗorawa, mai maɓalli biyu da mariƙi kamar na jakar likita. Mai kayan ya ce wannan ko mota ta taka shi, sai dai motar ta yi haƙuri. Mode ya ce shi ba a yi masa ciniki da baki. Ya ajiye akwatin a tsakiyar hanya, ya ja da baya, ya tattare riga, ya sheƙo da gudu ya dira a kansa da ƙafa biyu.

Ƙafar hagu ta zame. Ta dama ta huda murfi, ta huda farantin ciki, ta tsaya sai a gwiwa. Ya ja, akwati ya biyo shi. Ya yi taku, akwati ya yi taku. Masu tumatir suka bar tumatir, masu awon gero suka bar mudu, aka kewaye shi ana ba da shawara. Wani ya ce a zuba man gyaɗa. Wata tsohuwa ta ce a bar masa shi haka nan, ai ya yi masa kyau. Sai da aka nemo mai gyaran bokiti ya zo da zarto.

Da yamma ya iso teburin Sale mai shayi, inda muke zaman hira, yana ɗingishi da takalmi ƙafa ɗaya.

"Mi ya samu ƙahwarka, Injiniya?" in ji Sale.

"Bincike na. Na gano akwatunan roba dut ƙarya ta. Na taimaki jama'a."

"Mai akwatin ya yi ma godiya?"

"Ya riƙe takalmina don tunawa."

Daga nan sai ya tuna da adakar kakarsa da ke Rabah, irin ta gwangwani mai zanen furanni, wadda ke ƙarƙashin gado tun kafin a haifi ubansa. Ya ce abin da ya ga zamanin Turawa bai mutu ba, mene ne sifana a wurinsa? Ga shi kyauta, babu arahar da ta wuce wannan. Ya je ya ɗauko, ya zuba kayan Malam Ƙasimu a ciki, ya ɗaure a bayan babur da roba, ya ce bari ya biya Tursa ya nuna wa wani abokinsa.

Abin da bai duba ba shi ne gindin adakar, wanda tsatsa ta mayar kamar wainar da ta ƙone. Yana tafiya yana jin babur na ƙara sauƙi, yana yabon kansa a kan gyaran da ya yi wa kabireta. Da ya isa Tursa ya tara mutane ya buɗe, guduma kaɗai ya tarar, ita ma don ta gicciye ne. Ta ƙasanta kuwa ana hango ƙasa da tayar baya.

Yana nan tsaye da murfi a hannu, sai ga wani makiyayi mai suna Bilyaminu ya bar shanunsa a bakin hanya ya nufo su, malafarsa a hannu cike da ƙarafa.

"Kai na mai shukar ƙarhe?" ya ce. "Tun daga bayan Rabah nika tsinta. Saniyata ta kusa haɗiye wagga." Ya ɗaga wata ƙaramar sifana.

Mode ya karɓi malafar yana gyara murya. "Gwaji na yi. So nika in ga ko mutanen hanyar ga na da amana."

"To ka gani. Gobe in za ka gwada mu, ka yar da goro."

A karo na uku, Mode ya ce kuskurensa ɗaya ne, yana sayen abin da wasu suka ƙera. Ya je wurin wani mai walda ya zaɓi ƙarfen tsohon tankin ruwa, mai kaurin tafin hannu, ya tsaya a kansa yana cewa a ƙara nan, a ninka can. Da aka gama, sai da ƙarti suka taru suka ɗora shi a bayan babur a gaban teburin Sale. Mode ya hau, ya ɗaga mana hannu, ya ba da wuta. Tayar gaba ta tashi kamar doki ya ga maciji. Kafin mu ajiye kofuna, Mode na kwance rigingine yana kallon sama, babur na kansa, tayoyi na juyawa.

Muka ɗaga babur. Bai ko kakkaɓe riga ba ya rarrafa wurin akwatin ya shafa.

"Kun gani? Ko ƙwarzane babu."

Gaskiya ya faɗa. Har yau akwatin na inda ya faɗi, babu mai iya gusar da shi, a kansa muke zama mu sha shayi.

Ana cikin haka Alhaji Maigandi ya aiko. An gama dashen albasa, babban injin da ke ba gonaki ruwa ya fara tari, yau ya tashi gobe ya ƙi. Idan yaron Malam Ƙasimu zai zo, ya zo ranar Asabar da hantsi, in ba haka ba za su ɗauko wani daga Goronyo. Malam Ƙasimu ya kira Mode ya ce ya zo ya ari akwatinsa ya fita kunya. Mode ya ce injiniya ba ya fara aiki da kayan aro.

Washegari yana zaune a bakin tasha, hannu a haɓa, sai wata a-kori-kura ta faɗa rami. Kular Asabe mai abinci ta yi tsalle daga baya, ta gangara, ta bugi bakin kwalbati, ta yi juyi ta tsaya a gabansa. Murfi bai buɗe ba. Ko ɗigon miya bai fito ba. Mode ya miƙe a hankali kamar wanda aka yi wa wahayi.

Kafin la'asar ya saye wata tsohuwar kula daga hannun Asabe, shuɗiya, babba, mai farin murfi da mariƙi biyu. Ya kawo ta teburin Sale ya ɗora.

"Ruwa bai shiga. Ƙura ba ta shiga. Tsatsa ba ta ci, gara ba ta ci. Rana ta yi ta dukanta, sifana na ciki da sanyinta. In ka gaji ka zauna bisa. Ku gaya min, wane bakanike yat taɓa tunanin haka?"

"Mode," in ji Sale, "kula ta hwa."

"Da can. Yanzu akwatin injiniya na."

Ya sayo jan fenti ya rubuta a jikinta da manyan baƙaƙe: INJINIYA MODE. Abu ɗaya ne ya dame shi, ƙarafan na kwaramniya idan babur ya shiga gargada. Sai ya shimfiɗa tsummoki a ciki, ya jera kayan, ya rufe, ya ajiye ta a zauren gidansu tana jiran Asabar.

To, a unguwarmu akwai abin da kowace mace ta sani, maza kuwa ba su damu su sani ba. Idan biki ya zo, kula ba ta da mai ita. Mata kan bi gida-gida su kwashe kuloli da tukwane da farantai, ba sallama ga maigida ba neman izini. Abin da ake bukata kawai, kowace ta rubuta sunanta a jikin kayanta don a san inda za a mayar. Kuma Asabar ɗin nan ita ce ranar sunan jaririn Mashkura, ɗiyar Gwaggo Turai, ƙanwar uban Mode, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da nasu.

Da sassafe, Mode na can ƙofar gida wurin raɗin suna yana gaya wa baƙi cewa yau zai karɓi injunan Kagara, Gwaggo Turai ta leƙo zaure ta ga kula.

"Madalla da yaron kirki," ta ce. "Har suna ya rubuta, ba ta ɓacewa."

Ta buɗe, ta ga ƙarafa da tsummoki, ta yi tsaki a kan ƙazantar maza. Ta juye su a baho, ta wanke kular da omo da ruwan zafi har ta daina warin mai. Aka cika ta da dafa-dukar shinkafar Wurno, aka jera nama a sama, kason dangin mijin Mashkura. Aka rufe, aka mayar da ita zaure daidai inda take, kafin a samu mai kaiwa.

Mode ya yi wanka, ya sa rigar aiki da ya kai wa mai guga, ya shigo zaure ya ɗaga kula. Nauyi daidai. Ya ɗaure ta a babur ya biyo ta wurin Sale, don tun jiya ya gayyace mu mu je mu zama shaida.

"Ku saurara," ya ce. Ya girgiza babur da ƙarfi. "Kun ji wani abu?"

"Ba mu ji komi ba."

"To wanga shi na ilimi. Tsumma kaɗai na sa."

Muka hau babura muka bi shi. Kafin mu fita gari wayarsa ta fara ƙara. Ya ciro ya duba ya kashe. Ta sake, ya sake kashewa.

"Gwaggo ta," ya waiwayo ya ce mana. "Kujeru za ta sa ni ɗauka. Ba ta san matsayina ba."

A fadamar Kagara mun tarar da manoma sun taru a bakin rijiyar da injin ke jan ruwa. Ganyen albasa duk ya kwanta, ƙasa ta fara tsagewa. Alhaji Maigandi na tsaye da carbi, dattijo mai farin gemu da ba ya gaggawar magana. Malam Ƙasimu ya riga mu zuwa, yana zaune a kan kunya. Da ya ga abin da ke bayan babur ɗin Mode, sai ya sunkuyar da kai ya kama duban yatsun ƙafarsa.

Mode ya gaida Alhaji, ya zagaya injin, ya ja igiya. Injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja, ya kara kunne.

"Fulogi na, Baba Alhaji. Ya sha mai ya toshe. In kwance shi in goge, yanzu ruwa shi zubo."

Malam Ƙasimu ya ɗago kai ya gyaɗa. Yaron ya faɗi daidai. Da ya tsaya nan ya kama aiki, da wataƙila abin ya zo da sauƙi. Amma Mode ya ga taro.

Ya sauke kular ya ajiye a tsakiya, ya juya rubutun ya fuskanci jama'a.

"Jama'ar Kagara, na ji labarin wanda yaz zo muku da buhu. Wanga zamani ya wuce. Na bi Goronyo, na bi Rabah, na bi Tursa, na gwada roba, na gwada gwangwani, na gwada ƙarhe. Abin da ke cikin nan, ko wane iri kuka nema, shina nan wurinai, a jere. Ba ni ma buɗewa da kaina, kada a ce na yi dabara. Baba Alhaji, sa hannunka mai albarka."

Alhaji Maigandi ya rataya carbi a wuya, ya yi bisimilla, ya ɓalle murfi.

Tururi ya taso ya rufe masa gemu. Ƙamshin daddawa da man gyaɗa ya bi kunyoyi. Manoman da ke baya suka matso. 

"Wagga sifana, wace lamba ta?" in ji Alhaji, yana nuna wata tsokar nama.

Mode ya leƙa. Ya rufe murfin, ya karanta sunansa a jiki, ya sake buɗewa. Shinkafa dai.

"Suna ƙasa," ya ce. "Wanga... rufi na. Don tsatsa."

Ya naɗe hannun riga ya cusa hannu har gwiwa. Ya fito da shi da sauri yana yarfewa, ya hura, ya sake cusawa ta wani gefen. Ya lalubo wani abu mai tauri, fuskarsa ta washe, ya zaro ya ɗaga sama. Ƙashin haƙarƙari ne.

Sale ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki. Wani manomi ya ce ko a gwada ƙashin a jikin fulogin, ba a sani ba. Wani ya ce shi dai wannan bakaniken ya fi na bara, na bara ko ruwa bai taɓa kawowa ba.

Sai ga ƙarar babur daga kan hanya. Ɗan kabu-kabu ne, a bayansa Gwaggo Turai da anko na suna, ɗankwali ya karkace, ta rungume baho a cinya. Tun kafin babur ya tsaya ta sauko.

"Ina ɓarawon abincin surukaina?"

"Gwaggo, ki yi a hankali, wurin aiki nike."

"Wurin aikin uwaka. Dangin miji na zaune sun wanke hannu, an ce kula ta hau babur ta yi Kagara. Na kira ka, ka kashe min waya. Ungo tarkacenka."

Ta dire bahon. Kayan Malam Ƙasimu ne, an wanke su da soso sun yi fes, suna ƙyalli kamar cokulan amarya. Mode ya durƙusa yana tonawa. Ya tona, ya sake tonawa.

"Gwaggo, ina filaya?"

"Da ita aka sauke tukunya."

"Guduma hwa?"

"Ana hwasa ƙanƙara."

"To sifanar fulogi? Wata mai rami, kamar bututu. Ita kaɗai nika so yanzu."

"Au, wagga? Ai ta hi dut sauran amfani. Da ita aka ɗura zoɓo cikin gorori. In an gama a ba ka."

Alhaji Maigandi ya dubi albasarsa, ya dubi rana, ya juya wurin Malam Ƙasimu.

"Malam, yi haƙuri ka duba muna da kanka. Yaron ga shi dawo wata shekara."

Malam Ƙasimu ya tashi ya je wurin babur ɗinsa ya ɗauko abin da zai ɗauko. Ba a jima ba injin ya kama ruri, tiyo ya kumbura, ruwa ya bi kunyoyi.

Ita kuwa Gwaggo ta leƙa kular ta ga ramukan da hannun Mode ya yi a cikin shinkafa, ta dubi hannun, ga mai ga ƙwayoyi har gwiwa.

"Wanga ya tashi daga na surukai," ta ce. "Ku ci, bayin Allah, ku yi wa jariri addu'a. Kai kuma ka kai ni gida, ka shiga gaban matan nan ka yi musu bayani da bakinka."

Manoma suka wanke hannu a bakin tiyo suka kewaye kula, mu ma muka samu gefe. Mode na tsaye shi kaɗai da baho. Ya ga yadda kowa ke hura loma kafin ya kai baki, sai ya ɗan gyara tsayuwa.

"Amma dai ku hwaɗi gaskiya," ya ce. "Tun daga Wurno, ga gargada ga iska, ko hucewa bai yi ba. Akwati ya yi ko bai yi ba?"

Alhaji Maigandi ya gama tauna, ya suɗe yatsa, ya gyaɗa kai.

"Ya yi, Injiniya. Injuna dai mun ba Malam. Kai kau mun ɗauke ka abincin rana. Gobe a ƙara yaji."